Izzuddin bin Abdissalam da Sarkin Dimashƙa

A shekara ta 638 bayan Hijira (1240 Miladiyya), sarkin Dimashƙa, Salihu Isma'il, ya ƙulla ƙawance da mayaƙan Salibiyya domin su dafa masa wajen yaƙar ɗan ɗan'uwansa, Najmuddin Ayyub, sarkin Masar. Ya miƙa musu ganuwar Safad da ta Shaƙif, ya kuma halatta musu sayen makamai a birnin.

Izzuddin bin Abdissalam, malamin Shafi'iyya mai huɗuba a Masallacin Umayyawa, ya ba da fatawar haramcin wannan ciniki, tunda Musulmi za a sara da makaman. Ranar Juma'a ya soki yarjejeniyar a kan mumbari, ya daina yi wa sarki addu'a, alhali ambaton sarki a huɗuba shi ne alamar mubaya'a a wancan zamani.

Aka tsige shi, aka tsare shi. Daga baya ya yi ƙaura zuwa Masar, inda aka naɗa shi alƙali. Bai kira jama'a zuwa tawaye ba, bai kuma yi shiru don tsare muƙaminsa ba. Ya sauke farillar hani da mummuna da harshe, wanda shi ne rabon malami, ya ɗauki sakamakon a kansa.