DARBEJIYA: BAƘUWAR DA TA ZAMA 'YAR GIDA

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, amma darbejiya ta zo ta zauna daram. 'Yar uwa, in kin bi hanyar Kano zuwa Bici za ki ga tamkar tun fil'azal take nan, alhali asalinta ƙasar Indiya ce. A shekarar 1928 Turawan mulki suka kawo irinta Borno. Da aka ga tana jure fari, kuma ba ta rasa ganye ko da rani, sai aka yi ta dasa ta a bakin hanyoyi da kasuwanni.

Iyayenmu mata ba su yi boko ba, amma sun lura ƙwaro ba ya ƙaunar ɗacinta, shi ya sa suke shimfiɗa busasshen ganyenta cikin rumbun wake da gero. A 1959 wani Bajamushe, Heinrich Schmutterer, ya ga fara ta cinye komai a Sudan ta bar darbejiya. A 1968 kuma masana a Jami'ar Keele ta Ingila suka tace sinadarin da ke wannan aiki, suka sa masa suna azadiraktin. Ya fi yawa a ƙwallon 'ya'yanta. Yana kashe wa ƙwaro sha'awar ci, ya kuma hana tsutsa saɓa, don haka ba ta kai girman da za ta hayayyafa. Rana kan lalata shi cikin 'yan kwanaki, shi ya sa ake shanya ganyen a inuwa.

Daga baya aka raja'a kan fiya-fiya, har ta kai a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda yawan wannan guba a jikinsa. To wanda ya rage gida, cikin wa ya shiga in ba na 'ya'yanmu ba?

Sai dai a yi hattara, don abin da ke da ƙarfin korar ƙwaro ba abin wasa ba ne. A 1981 likitoci a Malesiya suka ba da rahoton jariran da aka ɗura wa man darbejiya, suka kama amai da jijjiga. Kada ki ba jariri, mai ciki ma ta kiyaye. In zazzaɓi ya kama yaro, surace ba zai maye gurbin gwajin jini ba, garzaya asibiti.

Allah Ya ba mu ikon kulawa, amin.