Tafiya ƙasa mai tsarki: Matsalolin da matafiya kan fuskanta da yadda za a kauce musu

A ranar 15 ga watan Mayun 2024 ne jirgin farko na maniyyatan Nijeriya na wannan shekarar ya tashi daga filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, maƙwabciyar Zauro, a kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu. Mataimakin shugaban ƙasa Kashim Shettima ne ya ƙaddamar da jigilar.

Kafin a gina wannan fili, sai maniyyatan jihar Kebbi sun je Sakkwato sannan su hau jirgi. A zamanin kakanni kuwa, da ƙafa ko a kan dabbobi ake ratsa Chadi da Sudan, wasu su shekara da shekaru a hanya.

Yanzu tafiyar ta koma ta 'yan sa'o'i, amma kuɗinta ya yi nauyi. A 2025 kuɗin kujera ya haura naira miliyan takwas, abin da manomin shinkafa a fadamar Rima zai daɗe yana tarawa.

Ga da yawa daga cikin maniyyata, wannan ce fita ta farko daga ƙasa. Kuma galibin matsalolin da kan same su a can, tun daga gida ake iya maganinsu.

Takardun tafiya

Hukumomin Saudiyya na buƙatar fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida kafin wa'adinsa ya ƙare. Ba a kuma yin fasfo a Nijeriya sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, don haka duk wani saɓani na suna ko ranar haihuwa tsakanin takardun biyu na iya jawo jinkiri. Gyara irin wannan kan ɗauki lokaci, saboda haka tun kafin a biya kuɗin kujera ya kamata a duba.

A watan Satumban 2012 an tsare mata maniyyata 'yan Nijeriya kimanin dubu ɗaya a filayen jiragen saman Jidda da Madina bisa dalilin rashin muharrami, aka kuma dawo da wasu gida. Rahotanni a lokacin sun ce cikinsu har da waɗanda suka je da mazajensu, amma sunayen da ke fasfonsu ba su nuna alaƙar ba. Lamarin ya kai Nijeriya ta dakatar da jigilar alhazai na ɗan lokaci.

A 2022 ministan Hajji da Umara na Saudiyya, Tawfiq al-Rabiah, ya sanar cewa an janye sharaɗin muharrami. Sai dai darasin yana nan: abin da ke rubuce a takarda shi jami'in shige da fice ke dubawa.

Yana da kyau matafiyi ya kwafi shafin fasfonsa da bizarsa, ya bar kwafi ɗaya a gida, ya riƙe ɗaya a jakar da ba ita ce ke ɗauke da fasfon ba, ya kuma ɗauki hotonsu a wayarsa.

Rigakafi da magunguna

Ana buƙatar duk wanda ya fito daga Nijeriya ya nuna shaidar rigakafin shawara da na sanƙarau da na shan inna. Allurar shawara da ta sanƙarau sai sun kwana goma a jiki kafin a amince da takardarsu. Tun daga watan Yulin 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allurar shawara guda ɗaya ta isa har tsawon rayuwa.

Sayen katin rigakafi ba tare da an yi allurar ba yaudarar kai ce, domin mutum zai shiga cikin taron jama'a fiye da miliyan ɗaya da rabi daga kowace kusurwa ta duniya ba tare da kariya ba.

Mai hawan jini ko ciwon sukari ya tafi da maganin da zai ishe shi har ya dawo, da ƙari saboda jinkirin jirgi. A bar magani cikin kwalinsa na asali, a haɗa da takardar likita, a kuma sa shi a jakar hannu, don babbar jaka na iya yin ɓatan kai.

Hukumomin Saudiyya sun hana masu wasu cututtuka masu tsanani zuwa aikin Hajji, kamar waɗanda ake yi wa wankin ƙoda da masu ciwon zuciya mai tsanani. Hukumar Alhazai ta Nijeriya, wadda aka kafa a 2006, ba ta amince mata masu juna biyu su tafi ba. Malamai dai na tunatar da cewa Hajji bai wajaba ba sai a kan mai iko, kuma lafiya na cikin ikon.

Kaya da amanar mutane

Al'ada ce a ƙasar Hausa a ba matafiyi saƙo ya kai wa wani ɗan'uwa da ke Makka ko Jidda. Amma a filin jirgi, duk abin da aka samu a jakar da ke ɗauke da sunan mutum, nasa ne a idon doka.

A watan Disamban 2018 aka kama wata ɗaliba 'yar Nijeriya a Madina, bayan an samu ƙwayar Tramadol a wata jaka da aka liƙa wa sunanta. Sai a ƙarshen Afrilun 2019 aka sake ta, bayan binciken hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Nijeriya ya nuna cewa wani gungu ne ya liƙa sunan a filin jirgin Kano. A Saudiyya hukuncin kisa ake yanke wa masu safarar miyagun ƙwayoyi, kuma an zartar da shi a kan 'yan Nijeriya.

Saboda haka matafiyi ya ɗaure kayansa da hannunsa, ya tsaya a auna su a gabansa, ya ƙirga takardun shaidar kaya da aka ba shi ya ga sun yi daidai da yawan jakunkunansa. Kada ya karɓi ƙunshin da bai buɗe ya gani ba, ko daga wa ya fito.

Goro ma, duk da matsayinsa a wurin Bahaushe, yana cikin abubuwan da Hukumar Alhazai ke gargaɗin kada a tafi da su.

Guzuri

A 2024 dala 500 aka tsara bai wa kowane maniyyaci a matsayin guzuri. Kuɗi ne da ke saurin ƙarewa idan aka fara sayen tsaraba tun a Madina.

A raba kuɗin gida biyu ko uku, kada a shiga da su duka wurin ɗawafi ko jifa. A yi canji a shagunan da ke da izini, a ƙirga kafin a bar wurin. Wanda bai saba da takardun dala ko riyal ba ya nemi amintacce ya nuna masa bambancinsu tun a sansanin alhazai.

Zafi da cunkoso

Mutanen Kebbi sun san zafin bazara, amma a gida ana fakewa a inuwa da rana tsaka. A Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka, mutane fiye da 1,300 suka rasu. Hukumomin Saudiyya sun ce kashi 83 cikin ɗari na mamatan ba su da izinin aikin Hajji, sun yi doguwar tafiya a rana ba tanti ba mota.

Aikin kansa na buƙatar ƙarfi: Safa da Marwa kaɗai tafiya ce ta kimanin kilomita uku. Likitoci kan ba da shawarar a fara motsa jiki da tafiyar ƙasa makonni kafin tashi, a riƙe laima, a riƙa shan ruwa ko ba a ji ƙishirwa ba.

Idan mutum ya fara jin jiri da ciwon kai, ko ya ruɗe, a kai shi inuwa, a yayyafa masa ruwa, a kira motar asibiti a lamba 997.

A ranar 24 ga Satumban 2015 turmutsutsu a Mina ya hallaka ɗaruruwan mahajjata, ciki har da 'yan Nijeriya fiye da 200. Kowace tawaga na da lokacin jifa da aka tsara mata, kuma bin wannan jadawali shi ne babbar kariya. Tsofaffi da marasa lafiya na iya wakilta wani ya yi musu jifan.

Idan an ɓata ko fasfo ya salwanta

Tantunan Mina kamanninsu ɗaya, kuma ɓata hanya abu ne da ke faruwa kullum. Tun daga 2024 aka wajabta wa mahajjata rataya katin Nusuk, wanda ke ɗauke da bayanansu. A haɗa da katin masauki da lambar wayar jagoran tawaga. Wanda ya ɓata ya nuna katin ga jami'in tsaro mafi kusa, maimakon ya yi ta yawo a rana.

Wanda fasfonsa ya salwanta ya fara sanar da jami'an alhazai na jiharsa. Ƙaramin ofishin jakadancin Nijeriya da ke Jidda na iya ba shi takardar gaggawa ta komawa gida.

Gajeriyar hanya mai tsada

Tsadar kujera kan sa wasu su saurari dillalan da ke alƙawarin kai su Hajji da bizar ziyara ko ta Umara. Waɗannan bizoji ba su ba da izinin aikin Hajji ba.

A 2025 Saudiyya ta sanar da tarar da ta kai riyal 20,000 ga wanda aka kama ba shi da izini, da kora daga ƙasar, da kuma hana shi dawowa har shekara goma.

Hanyoyin da doka ta amince da su guda biyu ne: hukumar jin daɗin alhazai ta jiha, ko kamfanin jirgin yawo da Hukumar Alhazai ta ƙasa ta ba lasisi. Kafin a miƙa kuɗi, a tabbatar sunan kamfanin na cikin jerin da hukumar ta fitar na wannan shekarar, a kuma karɓi rasit.