Kano Pillars da Kakar 2014: Shekarar da Sai Masu Gida Suka Ɗauki Kofi na Uku a Jere

Kakar wasannin 2014 ita ce ƙololuwar tarihin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Kano Pillars. A shekarar ne ta lashe gasar Firimiya ta Nijeriya karo na uku a jere, bayan nasarorin 2012 da 2013, wanda ya zama kofinta na huɗu idan aka haɗa da na 2008. Kafin ita, ƙungiyoyi biyu ne suka yi irin wannan bajinta: Iwuanyanwu Nationale ta Owerri daga 1988 zuwa 1990, da Enyimba ta Aba daga 2001 zuwa 2003.

Asalin ƙungiyar

An kafa Pillars a 1990 ta hanyar haɗe ƙungiyoyi uku, wato WRECA da Kano Golden Stars da Bank of the North, kuma mallakar gwamnatin Jihar Kano ce. A lokacin ba a ƙirƙiro Jihar Jigawa ba, sai a 1991, don haka ƙasar Haɗeja da yankin Miga duk suna cikin jihar da ƙungiyar ta fara wakilta. Filinta shi ne na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata.

Yadda kakar ta gudana

Ƙungiyoyi 20 ne suka shiga gasar. Pillars ta buga ta a ƙarƙashin koci Okey Emordi, wanda ya gaji Mohammed Baba Ganaru. Emordi ba baƙo ba ne a fagen cin kofi, domin shi ya jagoranci Enyimba ta ɗauki Kofin Zakarun Afirka a 2004. Daga cikin ginshiƙan ƙungiyar akwai Rabi'u Ali, wanda ake yi wa laƙabi da Pele, da ɗan wasan gaba Gambo Mohammed, da mai tsaron gida Theophilus Afelokhai.

Enyimba ce ta zo ta biyu, duk da cewa ɗan wasanta Mfon Udoh ya zura ƙwallaye 23, adadin da ya kafa tarihi a gasar.

Sirrin nasarar

Ƙarfin Pillars ya ta'allaka ne ga wasannin gida. Daga 2003 har zuwa ƙarshen kakar 2014 babu ƙungiyar da ta doke ta a gida a wannan gasa. A gasar da cin wasa a waje ke da matuƙar wuya, ƙungiyar da ba ta zubar da maki a gabanta, ta kuma tsinto 'yan kaɗan a waje, ita ke kan gaba a ƙarshen kaka.

Sai dai wannan ƙarfi bai bi ta zuwa gasar Afirka ba. A 2014 AS Vita ta Kongo ta fitar da ita tun zagayen share fage, a 2015 kuma Moghreb Tétouan ta Maroko ta yi waje da ita. Mafi nisan da ta kai shi ne wasan kusa da na ƙarshe a 2009, shekarar da ta fitar da Al Ahly ta Masar.

Abin da ya biyo baya

A watan Maris na 2015 'yan fashi suka buɗe wa motar ƙungiyar wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja, suka raunata wasu 'yan wasa. A watan Agusta kuma Nasarawa United ta doke ta da ci 2-1 a Kano, ta kawo ƙarshen shekara 12 na rashin shan kaye a gida. Pillars ta ɗauki Kofin Aiteo a 2019, ta faɗa rukuni na ƙasa a 2022, sannan ta dawo a 2023.