Idon Masani da Takardar Shaida: Labarin Wuƙar Keris ta Jawa

A watan Maris na 2020, lokacin da Sarki Willem-Alexander na Holand ya ziyarci Indonesiya, ƙasarsa ta mayar da wata wuƙa da ta shafe kusan shekara 190 a Turai. An ce ta Yarima Diponegoro ce, wanda ya yaƙi Turawan Holand daga 1825 zuwa 1830. Masana tarihi sun kafa hujja da tsofaffin takardu, ciki har da shaidar kwamandan yaƙinsa, Sentot, da bayanin da mai zane Raden Saleh ya rubuta. Amma da hotunan wuƙar suka bazu, sai wasu masana ƙira a Jawa suka ce da sake. A takarda sunanta Naga Siluman, su kuma suka ce ƙirar da suke gani ta Nagasasra ce.

Wannan gardama ta fito da tambayar da ke damun duk mai tara irin waɗannan wuƙaƙe: wa zai faɗi gaskiyar ƙarfe, takarda ko idon masani?

Keris wuƙa ce mai kaifi biyu. Wata miƙaƙƙiya ce, wata kuma mai lanƙwasa kamar tafiyar maciji, kuma adadin lanƙwasar ba ya zama cif-cif, sai dai 3, 5, 7, har 13 ko fiye. Maƙerinta, wanda ake kira empu, yana haɗa baƙin ƙarfe da wani ƙarfe mai sinadarin nikel, ya gasa, ya daka, ya ninke, ya sake dakawa sau da dama. Daga nan ne zane mai haske ke fitowa a jikin wuƙar, shi ake kira pamor. A fadar Surakarta har yau akwai ragowar wani dutse da ya faɗo daga sama a kusa da Prambanan a ƙarni na 18, wanda maƙeran fada suka riƙa gutsura don yin pamor. A haikalin Sukuh kuwa, ginin ƙarni na 15, akwai sassaƙen dutse da ke nuna maƙeri a bakin aiki da mai zuga masa wuta.

Mutumin Jawa ba ya ɗaukar keris a matsayin makami kawai. Gado ce da uba ke bar wa ɗa, ango yana soka ta a bayan ɗamararsa ranar biki, kuma a watan Sura, wato Muharram, ake wanke ta da lemun tsami. Ko a wajen ciniki, da yawa ba sa cewa kuɗinta kaza, sai su ce sadakinta kaza, kamar dai aure za a ɗaura.

Duk da wannan daraja, a tsakiyar ƙarni na 20 sana'ar ta kusa mutuwa a tsakiyar Jawa. Fadodi sun rasa ƙarfin ɗaukar nauyin maƙera, tsofaffin empu suna ta ƙarewa. Cikin waɗanda suka tsaya kai da fata don kada ilimin ya bi su kabari akwai marigayi Go Tik Swan.

An haife shi a birnin Solo a 1931, cikin wani gidan 'yan asalin Sin masu sana'ar yadin batik. Ya karanta adabin Jawa a Jami'ar Indonesiya, kuma ya fi yin suna a fannin batik, domin shi Shugaba Sukarno ya nema ya ƙirƙiro zanen da zai wakilci ƙasar baki ɗaya. Sai dai keris ma ta ci rabin rayuwarsa. A 1959 ya kafa ƙungiyar Bawarasa Tosan Aji a Solo, inda masu sha'awa ke haɗuwa su ajiye wuƙa a tsakiya, kowa ya duba ya faɗi abin da ya gani. Ya kuma gina maƙera a cikin gidansa don a ci gaba da ƙira. Fadar Surakarta ta ba shi sunan Hardjonagoro, daga baya ta ɗaga shi zuwa muƙamin Panembahan, wanda ba kasafai wanda ba jinin sarauta ba ke samu ba. Ya rasu a watan Nuwamba na 2008.

Ilimin da irin su Hardjonagoro suka riƙe ana kiransa tangguh, wato ƙiyasin zamani da yankin da aka ƙera wuƙa. Masani zai ɗaga ta ya ji nauyinta, ya duba launin ƙarfen da laushinsa, ya lura da yadda pamor ya kwanta da yadda aka sassaƙa gindinta. Daga nan sai ya ce wannan ta yi kama da aikin Majapahit, ko Tuban, ko Mataram. Abin lura shi ne ƙiyasi ne. Mafi yawan maƙeran da ba sa rubuta suna ko shekara a jikin ƙarfe, don haka masana biyu na iya saɓawa a kan wuƙa ɗaya ba tare da ɗayansu ya yi ƙarya ba. Shi ya sa ilimin ya fi ƙarko a zaure, inda wani zai gyara wa wani.

A 2005 hukumar UNESCO ta sanya keris ta Indonesiya cikin manyan abubuwan gadon ɗan Adam. Kasuwa ta buɗe, masu saye suka yawaita, ciniki ya koma intanet inda hoto kaɗai mutum ke gani. A ƙauyen Aeng Tong-Tong da ke tsibirin Madura, maƙera masu yawa suna fitar da sababbin wuƙaƙe, wasunsu masu matuƙar kyau. Sabuwar wuƙa ba laifi ba ce, tana ma da sunanta, kamardikan, wato wadda aka ƙera bayan samun 'yanci a 1945. Matsalar tana wajen dillalin da zai jiƙa ta da ruwan asid har ta zaizaye, sa'annan ya liƙa mata labarin wani sarki, ya ninka sadakinta.

Daga nan ne takardar shaida ta samu kasuwa. Wasu gidajen tarihi da ƙungiyoyin masu tarawa suna duba wuƙa su rubuta ƙirarta, pamor ɗinta, adadin lanƙwasarta, tsawonta, da ƙiyasin zamaninta, su haɗa da hoto da sa hannu. Wannan yana da amfani, domin yana kare sabon shiga daga damfara, yana kuma taimaka wa magada su san abin da aka bar musu. Amma layukan takardar ba ƙarfinsu ɗaya ba. Tsawo da lanƙwasa kowa na iya aunawa, gwajin ɗakin bincike na iya nuna sinadaran da ke cikin ƙarfen. Layin zamani kuwa ra'ayin wanda ya sa hannu ne, kuma hatimi ba ya mayar da ƙiyasi tabbas. Ita kanta takardar ana iya yin jabunta, har ta fi wuƙar sauƙin kwaikwayo.

Saboda haka gogaggun masu tarawa ke fara tambayar wane ne ya duba, kuma a wajen wa ya koya. Kowace rasuwar masani irin Hardjonagoro tana rage yawan idanun da suka ga dubban wuƙaƙe har suka iya bambancewa. Idan ba a reni sababbin idanu a zaurukan Solo da Yogyakarta ba, takardun za su ci gaba da fitowa, amma ba za a sami wanda zai iya cewa wannan daidai ne, wancan kuskure ne ba.