Zanen Gidaje a Birnin Zariya da Ilmin Magini

Masu binciken tarihin ƙasar Hausa sun fi dogara ga littattafai da bakin tsofaffi. Amma akwai wata shaida ta uku wadda ba a cika kula da ita ba, watau zanen da magina ke yi a bangon gidaje.

A Zariya adon gini ya daɗe. A zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a, ya ƙawata cikinsa. Amma yawan zane a fuskar zaure, inda mai wucewa zai gani, a ƙarni na 20 ya bunƙasa, sa'ad da attajirai suka sami dukiya. Sa'an nan ne keke da mota da jirgin sama suka shiga bango, kusa da dagi da takobi. A. H. M. Kirk-Greene ya wallafa ɗan littafi a kan waɗannan gidaje a 1963, F. W. Schwerdtfeger kuma ya fitar da babban nazarinsa a 2007.

Mai bincike yakan yi gaggawar tambaya, mene ne ma'anar wannan siffa? Tambayar da ta kamata ya fara yi ita ce ta mai sana'a: da me aka yi, ina aka fara, wa ya biya? Magini da hannu yake fitar da zane a ɗanyar ƙasa, tilas ya gama kafin ta bushe, don haka layinsa ke da kauri da lanƙwasa. Da siminti da fenti suka zo, sai layi ya sirance, launi ya yawaita. Wanda bai san wannan ba zai ɗauka ra'ayin mutane ne kaɗai ya sāke, alhali kayan aiki ma sun sāke.

Lalle aikin nan ba ya son jinkiri. Bangon ƙasa, in ba a sabunta masa yaɓe da makuba ba, damina kaɗan ke cinye shi. Ya kamata malaman makarantun horon malamai su aika ɗalibansu su kwafi zane, su auna shi, su rubuta sunan kowace siffa daga bakin maginin kansa. Gini in ya rushe ana iya tayar da wani, amma sunan siffa in ya bi mai shi kabari, ba mai tono shi.