Sadiq Abdullahi, Ɗan Tanis na 262 a Duniya

Wannan karon zan ɗan kauce daga zancen kasuwa da farashin masara da muka saba, in ba ku tarihin wani ɗan wasa. Kada mai karatu ya ce yaron nan ya rasa abin yi, wata gardama ce ta cikin gida ta jawo.

Ƙanina, wanda bai wuce shekara 13 ba, ya tsiri ɓacewa bayan la'asar, daidai lokacin da Baba ke son ya zauna a rumfa ya riƙa lura da masu awo. Da muka bi sawu sai muka tarar wani tsohon filin tanis yake zuwa can wajen GRA a nan Kontagora, inda wasu ma'aikata ke motsa jiki da yamma. Shi yake tsinto masu ƙwallo, in sun gaji su ba shi aron raket ya ɗan buga. Ranar da Baba ya ji, tambaya ɗaya ya yi: a ina aka taɓa jin mai suna irin namu ya ci abinci da wannan wasa? Babu wanda ya amsa. Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai, na yi dare da yawa ina tono a waya bayan mun rufe rumfa, har na ci karo da sunan Sadiq Abdullahi.

An haifi Sadiq Abdullahi ranar 2 ga Fabrairu, 1960, wato ya girmi 'yancin kan Najeriya da 'yan watanni. Da hannun dama yake bugu. Ya buga wa Najeriya gasar ƙasashe ta Kofin Davis, ya kuma je wasannin Olamfik na birnin Seoul a Koriya ta Kudu a 1988. Matsayi mafi girma da ya kai a jerin 'yan tanis na duniya shi ne na 262, a watan Oktoba na 1985.

Gaskiya da na ga wannan lamba dariya na fara yi. Na 262? Mu da a makaranta in ka zo na 20 a aji sai ka ɓoye takardar sakamako. Sai daga baya na fahimci yadda lissafin yake, kuma idon ɗan kasuwa ne ya taimake ni. Ɗan ƙwallon ƙafa ma'aikaci ne, kulob ke biyansa, kulob ke ɗaukar nauyin mota da masauki. Ɗan tanis kuwa falke ne. Shi zai sayi tikitin jirgi, shi zai biya ɗakin kwana, shi zai sayi raket da igiyarsa da takalmi, in yana son mai horarwa shi zai biya shi. Ya je gasa a wata ƙasa, in an fitar da shi a zagayen farko, abin da za a ba shi sau da yawa ba zai mayar da kuɗin hanya ba. Makin da ake jera su da shi kuma na shekara guda ne, in shekara ta zagayo ba ka sake samowa ba ya zube. Duk wanda ya taɓa loda wake daga nan zuwa Ikko ya tarar kasuwa ta faɗi, ga kuɗin mota yana jiransa, ya san irin wannan rayuwa. To a ce a duk duniya mutum 261 kacal ke gabanka a wannan fatauci, kai kuma daga ƙasar da filayen wasan ke bayan katangar kulob ɗin manya ka fito, ai ba abin dariya ba ne.

Sai mu duba zamanin da ya taso. A shekarun 1970 da 1980 tanis na da kasuwa a Najeriya fiye da yadda mu yaran yanzu za mu zata. A watan Fabrairu na 1976 an shirya babbar gasar ƙwararru a Legas, har Arthur Ashe, baƙar fatan Amurka da ya ci Wimbledon a 1975, ya zo. Ana cikin gasar ne aka kashe Janar Murtala Muhammed ranar Juma'a 13 ga wata. Ranar Litinin 16 ga wata, Ashe na tsakiyar wasan kusa da na ƙarshe da Jeff Borowiak, sojoji suka shigo fili suka fitar da shi da bakin bindiga. Dattawanmu kowa na iya gaya maka inda yake ranar da aka kashe Murtala, amma ban taɓa jin wanda ya haɗa labarin da tanis ba. A shekarun 1980 kuma ana yin gasannin ƙwararru masu matsakaicin daraja a Legas da Benin da Kaduna. Amfaninsu shi ne ɗan gida zai iya samun maki a ƙofar gidansu, Turawa ne ke biyan kuɗin jirgi su zo su same shi.

Babban tauraron wannan zamani shi ne Nduka Odizor, wanda ake wa laƙabi da Duke, kuma labarinsa ne ya fi kama da na ƙanina. An haife shi a Legas a 1958, ya fara da tsintar ƙwallo. Wani malamin Jami'ar Houston mai suna Robert Wren ya ga hannunsa, ya ɗauki nauyin kai shi Amurka, ya yi karatu a wannan jami'a yana buga mata wasa. A Wimbledon ta 1983 aka haɗa shi tun zagayen farko da Guillermo Vilas na Ajantina, ɗaya daga cikin manyan da ake sa wa ran kofin. Wasan maza a can turmi biyar ne, wanda ya fara cin uku ya yi nasara. Vilas ya cinye biyun farko, kowa ya ɗauka an gama, sai Odizor ya juyo ya kwashe ukun da suka rage. Ya kai zagaye na 4, inda Chris Lewis na New Zealand ya tsayar da shi, shi kuma Lewis sai da ya kai wasan ƙarshe kafin John McEnroe ya doke shi. A shekarar dai Odizor ya ci kofin Taipei, a 1984 ya kai na 52 a duniya. Har yau babu wani mai riƙe da tutar Najeriya da ya sake taka wannan matsayi.

Na uku a cikinsu Tony Mmoh ne, wanda ya kai na 105 a 1987. Su ukun nan, Odizor da Mmoh da Sadiq, su suka tsaya wa Najeriya a wasan mutum ɗaiɗai na maza a Seoul. Wannan tafiya tana da nauyi, domin tun 1924 rabon da a ba da lambar yabo ta tanis a Olamfik, sai a 1988 aka dawo da ita. Mutum 64 aka zuba a gasar maza, uku 'yan Najeriya.

Ƙuri'a ta haɗa Sadiq da Javier Sánchez na Sifaniya. Sadiq na da shekara 28, Javier na da 20, kuma ɗan gidan tanis ne gaba da baya: yayansa Emilio ya ci lambar azurfa a wasan bibbiyu a wannan gasa, ƙanwarsa Arantxa ta ci babbar gasar Faransa shekara guda bayan haka. Javier ya yi nasara, tafiyar Sadiq ta tsaya a zagayen farko. Mmoh ya tsallaka zuwa zagaye na biyu kafin Michiel Schapers na Holan ya fitar da shi. Miloslav Mečíř ne ya tafi da zinariyar.

A ganina, kuma ra'ayina ne na ɗan kasuwa, abin da ya karya wannan fatauci jari ne. Kafin 1986 naira tana kafaɗa da kafaɗa da dala. Da gwamnatin Janar Babangida ta kawo tsarin SAP a shekarar, naira ta fara gangarowa, shi kuwa tikitin jirgi da raket da kuɗin kyautar gasa duk da dala ake lissafinsu. A hankali gasannin da ke kawo baƙi suka ja baya. Wasan bai mutu ba, gasar Dala Hard Court ta Kano ta daɗe tana tara 'yan wasan gida, kuma ɗan jiharmu ta Neja, Injiniya Sani Ndanusa, ya shugabanci hukumar tanis ta ƙasa shekaru da dama, har ya riƙe ministan wasanni daga 2008 zuwa 2010. Amma hanyar da ke ɗaukar yaro daga tsintar ƙwallo zuwa Wimbledon ta yi ƙunci ƙwarai. Ɗan Tony Mmoh, wato Michael, da aka haifa a Riyadh ta Saudiyya a 1998, ya shiga cikin ɗari na farko a duniya, amma Amurka yake buga wa. Mu da iyayenmu suka baro garuruwansu suka kafa rumfa a ƙasar Nagwamatse ba mu da bakin zargin wanda ya bi kasuwa inda take ci.

Abin da ya fi jan hankalina game da Sadiq shi ne bayan ya ajiye raket. Ya zauna a jihar Florida ta Amurka, ya yi karatu har ya sami digirin dakta a fannin ilimi a jami'ar Florida International da ke Miami, ya koyar, ya kuma yi rubuce-rubuce kan ilimi da wasanni a Najeriya. Shi da Odizor duk aji ne ya riƙe su tare da fili.

Wannan ɓangaren na kai wa Baba, wata rana bayan isha'i yana lissafin cinikin yini. Ban ɓoye masa komai ba, na gaya masa mutumin na 262 ya kai, kuma a zagayen farko aka fitar da shi a Seoul. Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni ko shi wannan Sadiq ɗin da gaske dakta ya zama. Na ce ƙwarai. Bai ce ya yarda ba, ku ma kun san halin iyayenmu. Amma ya yanke cewa yaron zai riƙa zuwa fili Asabar da Lahadi, sauran ranaku makaranta da Islamiyya da rumfa, kuma ranar da sakamakon jarrabawa ya faɗi an rufe maganar. Raket kuwa ya ce ba da kuɗinsa ba. Na riga na yi wa wani mai gwanjo da ke sarin kaya daga Kano magana ya duba mini na hannu, in wani cikinku yana da tsoho ajiye a gida ya taimaka ya aiko rumfa.