Haɗa Magani da Horon Tunani a Ciwon Sikizofiriniya

Malaman usulu sun lissafa hankali cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo domin kiyaye su, tare da addini da rai da nasaba da dukiya, kuma a kansa suka rataya taklifi gaba ɗaya. Saboda haka duk ilmin da ya ɗauki aniyar gyara shi bayan ya taɓu, ya cancanci a yi masa duban tsanaki. Ciwon da likitoci ke kira sikizofiriniya, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa yana tare da mutum wajen miliyan 24, jama'a sun fi saninsa da alamominsa na zahiri, wato jin muryoyin da babu mai yin su, da zargin makirci, da sambatu. Amma yana da wata illa ta ɓoye wadda ta fi waɗannan daɗewa, ita ce raunin natsuwa, da saurin mantuwa, da jinkirin fahimta, da kasa tsara aiki daga farkonsa zuwa ƙarshensa, har ka ga saurayin da dā yake riƙe lissafin shago a ka, yanzu in an aike shi abu uku sai ya dawo da ɗaya.

Tun shekarar 1952, lokacin da Jean Delay da Pierre Deniker suka jarraba kulofuromazin, wanda aka fi sani da Largactil, a asibitin Sainte-Anne da ke Faris, magungunan da ke toshe hanyar sinadarin dofamin a ƙwaƙwalwa sun kwantar da muryoyi, sun kuma mai da dubban majinyata gidajensu, alheri ne da babu mai musunsa. Sai dai tasirinsu a kan wannan rauni na tunani kaɗan ne ƙwarai, alhali kuwa, kamar yadda Michael Green ya nuna a nazarinsa na 1996, ƙarfin riƙe magana da natsuwa sun fi ƙarar muryoyi bayyana ko majinyaci zai iya riƙe sana'a da zaman jama'a.

Daga nan aka koma ga horo, wato a zaunar da majinyaci sau da dama a mako, tsawon watanni, yana maimaita darussa a kwamfuta ko a takarda, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, ƙarƙashin mai koyarwa da ke nuna masa dabarun tunawa da warware mas'ala. Til Wykes ta Landan da abokan aikinta sun tattara bincike 40 a 2011, na mutum sama da 2,000, suka sami fa'ida matsakaiciya amma tabbatacciya, wadda kuma take ƙaruwa idan an haɗa horon da koyon sana'a ko gyaran mu'amala.

To, a nan ne mas'alar tamu ta haɗa magani da horo ta taso. Neal Swerdlow na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego ya kawo hujja cewa watakila kuskuren masu neman ƙwayar ƙara fahimta shi ne sun jarraba ta a kan mutanen da ke zaune ba sa koyon kome, domin abin da magani zai iya shi ne shirya jijiyoyin ƙwaƙwalwa su karɓi sauyi, amma sauyin kansa sai da darasi. Taki ne, in aka zuba shi a gonar da ba a yi shuka ba, ba za a girbe hatsi ba, kuma ba za a ce takin ne ya gaza ba. Shi da abokan aikinsa sun ba majinyata amfetamin kaɗan kafin darasin bambance sautuka, suka ga koyo ya ƙaru a zaman nan. Hujjar tana da ƙarfi a hankalce, amma adalci ya wajabta a faɗi cewa jarrabawar da aka yi ta haɗa horo da maganin modafinil a Ingila, da wadda aka yi da di-serin a Amurka da Indiya, ba su nuna fifiko bayyananne a kan horo shi kaɗai ba. Amfetamin kuwa, da yake yana iya tayar da ciwon kansa, haɗari ne babba a wajen ɗakin bincike, balle a garuruwan da ake sayar da ƙwaya a teburin bakin hanya.

Ra'ayina shi ne haɗin yana da sharaɗi biyu. Na farko, kafin a yi bahasin wane magani za a ƙara, wajibi ne a binciki wanda za a rage, kuma wannan ɓangaren ne na ga an fi yi masa sakaci duk da cewa dalilinsa ya fi bayyana. Sophia Vinogradov da abokan aikinta sun ruwaito a 2009 cewa majinyatan da jininsu ya fi ɗauke da magungunan da ke danne sinadarin asitilkolin, wanda riƙe abu a ƙwaƙwalwa ya dogara da shi, su ne suka fi ƙarancin amfana da horo. Wannan kuwa ya shafe mu kai tsaye, domin Artane, wanda a ƙasashenmu ake yawan rubuta shi tare da Largactil ko halofiridol don hana rawar jiki da sanƙarewar wuya, yana cikin wannan jinsi, kuma akan bar mutum a kansa shekaru ba tare da an sake duba ko buƙatar tana nan ba. Ba ina nufin majinyaci ya yanke shi da kansa ba, hasali ma yin haka na iya jawo cuta. Likita ne zai auna, ya rage sannu a hankali inda hali ya yi.

Sharaɗi na biyu shi ne kada darasin ya tsaya a allon kwamfuta. Dakta Thomas Adeoye Lambo, da ya fara tsarin ƙauyen Aro kusa da Abekuta a 1954, ya zaunar da majinyata a gidajen mutanen ƙauye tare da danginsu, suna karɓar magani a asibiti da rana suna kuma cuɗanya da jama'a. Irin wannan muhalli ne horon tunani ke bukata, inda ma'aikacin jinya da aka koya wa dabarun zai yi darasin da takarda da alƙalami, sa'an nan uwa ko yaya su ɗora da aiken kasuwa, da ƙirga canji, da komawa bakin keken ɗinki na sa'a guda, likita kuma yana bibiyar abin da ake sha duk lokacin da aka dawo ganinsa.